Gadar da Babu Azara a Cikinta

Jiya ina zaune a nan ƙofar gida na ji ɗayanku yana cewa ya kai bulo Tudun Wada, ya ga wata tsohuwar gadar dutse a cikin wani lambu da ya koma jeji. Wai abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda mutanen wurin ke zuzuta ta, alhali ba komai ba ce illa duwatsu da aka jera. Na ga kuna sauri, na bar ku. Yau tunda motar siminti ba ta iso ba, ku matso in gaya muku yadda aka yi wannan jeren, don da hannuna a ciki.

A shekarun da gyaɗa ke tashe, kafin a karɓi mulkin kai, ni maginin ƙasa ne a nan Bebeji. Gado na yi, ubana magini, kakana magini. Na san kwaɓi, na san tubali, na san yadda ake ɗaura azara kan azara a fitar da bakan gizo a cikin soro, na san yaɓen makuba. Ina da iyali, ina da masu koyo a hannuna, in na shiga gari Malam Sa'idu magini ake ce mini. A haka wani attajirin gyaɗa, Alhaji Ɗanjuma, ya aiko in je in gina masa soron hutawa a lambunsa, can bayan Tudun Wada.

Ban taɓa ganin lambu irin wannan ba. Mu lambu a wurinmu albasa ce da tumatir da jigo. Shi kuwa nasa mangwaro ne layi-layi, da lemo da gwaiba, ga hanyoyi an share an zuba musu tsakuwa, har da furanni waɗanda ba a ci, ba a miya da su, sai kallo. Wani rafi ya ratsa tsakiyar lambun. Da rani yashi ne kawai, akuya ma tana kwana a ciki. Da damina kuwa sai ya cika ya yi ja, ya kwashe kadarkon giginyar da ake ɗora masa duk shekara. Alhaji ya taɓa ganin gadar dutse a lambun wani Bature a Jos, abin ya zauna masa a rai. Ya ce yana so baƙonsa in ya sha fura a soro, ya taka a hankali ya haye, ya je ya zauna a gindin mangwaro. Mutanen ƙauyen suka yi ta mamaki. Gada ga ta, amma ba kasuwa za ta kai ka ba, ba masallaci ba, sai inuwa.

Ina cikin aikin soron wanda zai yi gadar ya iso daga Ririwai, can wajen Doguwa, inda ake haƙar kuza. Baba Audu sunansa. Dattijo ne ɗan gajere, ba jiki, amma tafin hannunsa kamar ɓawon kirya. A wurin Turawan kuza ya koyi dutse tun yana saurayi. Jaki ɗaya ya ɗauko duk kayansa: babbar guduma da ƙanana, cizal iri-iri na sassaƙa dutse, gajerun ƙarafa na tsaga dutse, igiya mai dalma a baki, da wata kwalba mai ruwa a ciki wadda yake kwantarwa a kan katako ya ga ko wuri ya daidaita.

Da muka gaisa na tambaye shi inda zai samo azarar da za ta ɗauki wannan faɗin.

Ya ce, "Babu azara, Malam Sa'idu."

Na ce, "To ƙarfe ke nan."

"Babu ƙarfe."

Na ce, "Baba, gafarta mini. Ni ma ina fitar da baka a ɗaki, amma ƙashinsa azara ne, ƙasa tufafi ce kawai. Dutse a sama, iska a ƙasa, me zai riƙe shi?"

Ya aika aka ciro masa saiwar rogo, ya zauna ya fere, ya yanyanka ta gunduwa-gunduwa, kowace kanta da faɗi, gindinta a tsuke. Ya kafa duwatsu biyu a ƙasa, ya kifa ƙoƙo a tsakaninsu, ya jera rogon a bayan ƙoƙon daga nan da can har suka kusa haɗuwa, ya cusa na ƙarshe a tsakiya. Sai ya tone ƙasa ya zare ƙoƙon. Abin ya tsaya. Ya ce in danna da hannu. Na danna, maimakon ya rushe sai na ji ya ƙara ƙanƙamewa. Ya ce, "Kowanne so yake ya faɗi, ɗan'uwansa ya tare masa hanya." Daga nan ya sa yatsa ya ɗan ture dutsen gefe ɗaya, duk suka zube. Ya ce, "Ka ga inda gada take. Ba a sama take ba, a ƙafa take."

Ranar ban iya komawa kan soro da hankalina ba. Da na gama aikin Alhaji na sallami masu taya ni, na je na durƙusa gaban Baba Audu na ce ina so ya koya mini. Ya dube ni ya ce, "Kai da ake kira Malam? A wurina ɗaukar dutse za ka fara." Na ce na ji.

Aikin farko da ya ba ni a kan wani fa ne, shimfiɗaɗɗen dutse gabas da lambun. Ku da ake kawo muku dutse a tifa ba ku san yadda ake raba shi da uwarsa ba. Itace muke tarawa a kan fa tun da safe mu cinna wuta, ta yi ta ci har rana ta take, sannan mu janye garwashin mu sheƙa ruwa. Sai ka ji ƙara kamar bindiga, fan ya ɓare falle-falle. Wanda ya yi kauri kuma a huda masa ramuka a jere, a kafa ƙarafan tsaga, a riƙa bi ana bugunsu ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba, kamar mai lallashi, har tsaga ta bi layin da kake so. A nan na gane dutse ma yana da hanya kamar itace. In ka bi hanyarsa ya buɗe maka, in ka gitta ta ya farfashe ya bar ka da tsakuwa. Kowane falle kuma sai Baba ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma ya kasa kunne. Mai kyau yana amo kamar tasa. Mai ɓoyayyen ciwo kuwa muryarsa a dushe take, ko ya kai kowane kyau sai ya ce a jefar. Hannuna da ya saba da laushin ƙasa ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Cizal kuma ba ya kwana biyu bai dakushe ba, kullum muna hanyar maƙera a Tudun Wada.

Kafin a haƙa ƙafa, Baba ya yi yini yana bin rafin sama da ƙasa. Yana duba rassan bishiyoyin gaɓa inda ruwan bara ya rataye ciyawa, yana tambayar matan da ke wanki da Fulanin da ke shayar da shanu inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya fi hauka. Sannan ya zaɓi wuri. Muka haƙa muka wuce yashi, muka wuce laka, ruwa na tsattsafowa muna kwarfewa da ƙwarya, bai yarda an aza dutse ko ɗaya ba sai da diga ta yi tsalle a kan fa. Abin da ɗan'uwan nan naku ya gani a sama bai kai abin da ke binne ba.

Alhaji mutum ne mai kirki, amma mai aiki bai taɓa rasa sabon tunani ba. Muna tsakiyar ƙafa ya zo ya ce ya sayi mota, yana so gadar ta ɗauke ta.

Baba ya cire hula ya shafa kai ya ce, "Ranka ya daɗe, gadar ƙafa ka ce, ita muka haƙa wa. Doki zai wuce, jaki da kaya zai wuce. Mota kuma in ta haye ina za ta? Mangwaro za ta sha?"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya bar maganar. Wani zuwan kuma ya ce in an gama a shafe ta da farar ƙasa. Baba ya ce a bari ya gan ta tsirara tukuna, in bai so ba a shafa.

Da ƙafafu biyu suka taso sai maganar abin da zai tallafi bakan kafin a kulle shi, wato aikin da ƙoƙon nan ya yi wa rogo. A wurin Turawa da katako ake haɗa shi, mu kuwa ba katako, ba kafintan da ya san irinsa. Na ce wa Baba me zai hana mu cike tsakanin da tubali da ƙasa, in yi masa yaɓe ya fito da siffar da yake so, in an gama a tone. Ya kalli rafin ya ce, "Ban taɓa gani ba, amma ban ga abin da zai hana ba. Sai dai ka sani mun toshe wa ruwa hanya. Dole mu kulle kafin ya zo." Ya kafa turke a tsakiya ta kowace fuska, ya ɗaura igiya ya zaga da ita, ni kuma na bi da tubali har tudun ya fito kamar rabin faifai a tsaye, yadda ya ce. Wannan igiyar ita ce alƙalin aikin. Kowane dutse da za a aza, gefensa sai ya bi ta ya nufi turken. Ya kuma yanka gwangwani daidai siffar da ake so, a kansa ake gwada kowanne. Nawa da nake sassaƙawa, ya kan ɗora gwangwanin, ya duba, ya tura mini abina in sake. Siminti kuwa ɗan kaɗan muke sawa a tsakani. Ya ce shimfiɗa ce kawai, ba shi ke riƙo ba.

To ga shekarar da ta ba mu wuya. Bakan ya taso daga hagu da dama, saura sama, sai wata rana da hantsi Baba yana gyara fuskar wani dutse ɓarɓashi ya tashi ya shige masa idon dama. Na hagun kuwa tun da can yanar ido ta rufe shi. Aka kai shi magani, ya daɗe, ya dawo da ƙyalle a fuska, yana ganin mutum kamar inuwa. Aiki ya koma tafiyar hawainiya, don shi kaɗai ne ya iya fitar da dutsen baka yadda ya kamata. Zafin bazara ya sauko, hadari ya fara leƙowa ta kudu. Muka ƙara hannu, muka ƙara sammako, amma dutse ba ya jin sauri.

Abin mamaki, ruwan da ya ci mu ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. A kan duwatsun Doguwa aka yi shi. Da la'asar, rana tana haske sarai, muka ji gunji daga sama da rafi kamar babbar mota na tahowa. Baba ne ya fara ganewa, ya daka tsawa kowa ya hau gaɓa. Ruwan ya iso ja wur, ɗauke da itatuwa, ya daki tudun ƙasar ya tsaya yana taruwa. Muna tsaye muna kallo tubalina suka jiƙe, suka narke kamar gishiri. Ɓangaren hagu ya fara sunkuyawa, na dama ya bi shi, duwatsun da muka yi rani guda muna sassaƙawa suka zube cikin ruwa.

Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kowa ya fita?"

Na ce, "Kowa ya fita, Baba."

"Ƙafafun fa?"

Na duba na ce, "Suna nan."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Alhaji ya zo washegari, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce Allah bai nufa ba, a bar shi haka. Baba ya koma Ririwai, ni na dawo Bebeji. Na tarar waɗanda ke kirana gini sun samu wasu, gonata ba a yi mata shara da wuri ba, shukar ta zo a makare. A majalisa in na doso sai ka ji an ce ga Sarkin Dutse nan. Abin da ya riƙe gidana a wannan daminar shi ne duwatsun niƙa. Mata suka gano ina da cizal, suka riƙa kawo nasu da suka yi santsi ina fasa musu fuska, suna ba da hatsi. In na gama nasu sai in koma bayan gida da gwangwanin da Baba ya bar mini, in yi ta sassaƙa dutsen baka, in gwada, in jefar, in ɗauki wani.

Da aka gama girbi Baba ya aiko wani falke ya ce mini in same shi a Tudun Wada. Wani jikansa ne ya jawo shi a kan jaki. Muka je gaban Alhaji tare.

Alhaji ya ce, "Baba Audu, ba na ƙi ba ne. Amma da wane ido?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ido na Sa'idu ne, hannu nawa. Ka sauka ka duba ƙafafun nan, damina guda ruwa yana dukansu. In ka ga tsagar da allura za ta shiga, mu koma gida."

Alhaji ya tattare babbar riga ya sauka cikin yashi da kansa, ya zaga wannan, ya zaga wancan. Da ya hawo sai ya ce, "Yaushe za ku fara?"

Muka bi rafin muna tono duwatsunmu daga cikin yashi, wasu mun same su lafiya, wasu sun gutsure. Wannan karon mun fara da wuri, kuma na bar rami a gindin tudun ƙasar, na rufe shi da azara, ko ruwa ya yi mana ba-zata ya samu hanya. Baba yana zaune a inuwa a kan buzu. Duk dutsen da na sassaƙa sai a kai masa. Ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ɗora gwangwani, ya bi gefe-gefe da yatsa. In ya yi ya ce a aza, in bai yi ba ya ce, "Akwai ciki a nan, rage." In an aza kuma sai an kai shi ya kama igiyar da kansa ya ji ta kwanta a jikin dutsen.

Na ƙarshe, wanda yake shiga tsakiya, makulli yake ce masa. Ba a bugunsa da ƙarfe, kada ya tsage. Taɓarya muka aro a ƙauye. Na tsaya a sama ina dukansa a hankali, yana nutsewa kaɗan-kaɗan, Baba yana ƙasa ya manna kunne a jikin ƙafar gadar. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Ya isa gida."

Bayan siminti ya kama sai ranar tone tudu. Wannan ce ranar da magini ke sanin ko shi magini ne. Aka fara daga tsakiya ana yin gefe. Da wuri ya buɗe yadda mutum zai zauna, Baba ya ce a shimfiɗa masa buzunsa a ƙarƙashi. Alhaji ya ce haba, a fito da dattijon nan. Baba ya ce haka ya gani a wurin waɗanda suka koya masa, wanda ya aza shi ke zama. Ya ce, "Sa'idu, kai ka aza." Na shiga na zauna kusa da shi. Ana ta kwasar ƙasa, haske yana ƙaruwa, har aka zare tubalin ƙarshe da ke taɓa dutse. Sai muka ji wata 'yar ƙara a sama, ƙas, ƙas, yashi ya zubo mana a ka. Masu haƙa suka watsar da fatanya suka yi gaɓa da gudu.

Baba ya dafa gwiwata ya ce, "Zauna. Gyara zama take yi. In ba ta yi wannan ba shi ne abin tsoro."

Muka zauna har ta yi shiru. Na ɗaga kai na ga dutse a sama, iska a ƙasa, babu azara, babu ƙarfe. Alhaji bai sake tayar da maganar farar ƙasa ba.

Damina ta zo ta yi abin da za ta yi ta wuce. Da kaka, ruwa ya ragu ya kwanta, Alhaji ya aika mota ta ɗauko Baba daga Ririwai, ni ma aka kira ni, wai a yi addu'a a ci abinci a gindin mangwaro. Da safe kafin mutane su taru Baba ya ce in sauka da shi bakin ruwa, ta ƙasa da gadar. Na ɗauka ƙafafun zai shafa. Sai ya ce in tsaya, in bar kallon gadar, in kalli ruwan.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na duba. Bakan da ke sama da wanda ke cikin ruwa sun haɗu baki da baki. Na ce, "Baba, zobe ne. Cikakken zobe."

"Shi ya sa na ce rabin faifai, ba ƙasa da haka ba. Duba da kyau, akwai inda ya karkace?"

Na daɗe ina bi da ido, don ba na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Ta hagu, kusa da ƙafa, akwai ɗaya da ya ɗan fito."

Ya yi murmushi ya ce, "Na san shi. Ya fi 'yan'uwansa ƙiba, na ji shi a hannu. Shi ne wanda ka ɗauko daga Bebeji a cikin buhu, cikin waɗanda ka yi da damina ba wanda ya sa ka. Ba zai cuci gada ba. Na ce a aza."

Ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Mu hau. Ina so in ji ta a ƙafa."